Ashe sunan mutum ne

Yau na ji wani abokin aiki yana cewa zai yi "boycott" na taron yamma, wato zai ƙaurace masa, sai na tuna cewa asalin kalmar sunan mutum ne. Charles Boycott wakilin wani mai gonaki ne a yankin Mayo na ƙasar Ailan, wanda a shekarar 1880 ya nemi korar manoman da suka kasa biyan haya. Ba wanda ya taɓa lafiyarsa, amma leburori suka bar masa amfanin gona a tsaye, masu kanti suka daina sayar masa da kaya, har mai kai wasiƙa ya ɗauke ƙafa.

Mutumin ya rasu tun 1897, kuma ina jin da an ba shi zaɓi, ba da wannan zai so a riƙa tunawa da shi ba.