Ƙarfin doki nawa ya rage a tsohon injin Chevrolet 350?

Takardar kamfani ta ce injin LT-1, wani samfurin 350 da ke cikin motar Corvette ta 1970, yana ba da ƙarfin doki 370. A 1971 aka rage masa matsi, wato yawan matse iska da mai da fistin ke yi a silinda, daga 11:1 zuwa 9:1, sai takardar ta zo da lamba biyu a kan inji ɗaya: 330 da 275. Ta farkon awo ne na inji tsirara a kan benci, babu salansa, babu matatar iska, babu kayan da fanbel ke ja. Ta biyun ita ce ta injin da kayansa duka, yadda yake zaune a mota. Daga 1972 kamfanonin Amurka suka koma wa awo na biyun. Don haka duk wanda ya ɗauki lambar kafin 1972 ya ce ita ce ƙarfin motarsa a yau, ya ci bashin doki hamsin ko fiye tun bai buɗe bonet ba.

Abin da inji ke samarwa shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da fam-ƙafa. Ƙarfin doki lissafi ne a kansa: a ninka murɗawa da yawan juyi a minti, a raba da 5,252. LT-1 na 1970 yana ba da fam-ƙafa 380 a juyi 4,000, wato doki 289 a wannan gaɓar. A juyi 6,000 murɗawar ta sauka zuwa wajen 324, amma saurin juyi ya kai lissafin 370. Motar titi kuwa yawancin rayuwarta tsakanin juyi 2,000 da 4,500 take yi, shi ya sa na fi damuwa da murɗawar tsakiya fiye da lambar ƙoli.

In babu daino, na'urar auna ƙarfin inji, gudun kwatan mil a filin tsere yana ba da kiyasi mai kyau. A ɗauki saurin da motar ta ƙetare layi da shi, mil a awa, a raba da 234, a ninka sakamakon da kansa, a sake ninkawa da shi, sannan a ninka da nauyin mota da direba a fam. Mota mai fam 3,600 da ta fita da 100 tana da doki wajen 281. In ta fita da 105, ya zama 325. Saurin fita ya fi daƙiƙoƙi aminci, domin taya na iya sulɓi a tashi ta ɓata lokaci, saurin ƙarshe bai cika canzawa ba. Daino na taya kuma yana nuna ƙasa da abin da ke karanshaf, saboda giya da aksul suna cin kasonsu, kusan kashi 15 cikin ɗari a giyar hannu, otomatik ta fi haka.

Kafin a taɓa sukurun kafireto, a gwada matsin silinda takwas ɗin: inji da ɗumi, fulogi duka a waje, totur a buɗe. Tazarar mafi ƙarfi da mafi rauni kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari. In ɗaya ta faɗi, a ɗiga mata ɗan man inji a sake gwadawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, a duba bawul ko gaskit.

Taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, shi ne inda doki ya fi ɓuya, kuma nan aka fi yin kuskure. Fulin gaban karanshaf zobe biyu ne da roba a tsakani. Bayan shekara hamsin robar kan bushe, zoben waje ya zame, layin da ke kansa ya daina nuna lokacin da fistin ya kai ƙololuwa. Sai mutum ya haska fitilar taimin ya ga digiri 36, alhali injin yana 28. Don gano gaskiya, a ɗaura matokarin fistin, ƙarfen da ke tare shi kafin ya kai sama, a ramin fulogin silinda ta ɗaya, a juya inji da hannu har ya tsaya, a yi alama, a juya baya har ya sake tsayawa, a yi wata. Tsakiyar alamomin biyu ita ce sifiri na gaskiya. Daga nan a cire tiyon bakyum na distiribita a toshe shi, a saita jimillar taimin a digiri 34 zuwa 36, kuma ya gama shigowa a wajen juyi 3,000. A silo yawanci zai zauna tsakanin 10 da 14. In an taka mota a hawa aka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, a janye digiri biyu nan take. Matsin 11:1 an yi shi ne don fetur mai darma na wancan zamani, man yanzu ba lallai ya ɗauka ba, kuma wannan ƙarar fistin take ci.

Sai kafireto. Iskar da inji ke sha: girmansa a inci kubik (nan 350), sau juyi, sau 0.85, a raba da 3,456. Inji 350 a juyi 5,500 yana neman cfm 473 ne kawai, wato ƙafa kubik na iska a minti, kafireto mai 600 ya wadatar. Mai 780 da kamfani ya sa wa LT-1 don babban kamshaf ne da juyi mai yawa. A ɗora irinsa a kan 350 na gama-gari, iska ta yi sanyin gudu a maƙogwaro, a taka totur motar ta yi shiru kafin ta amsa.

A kafireton Holley, fetur ya tsaya daidai gindin ramin dubawa, matsinsa kuma psi 6 zuwa 7. Lambar bawul ɗin ƙarin mai ta zama rabin bakyum na silo: bakyum inci 13 yana son bawul mai lamba 6.5, amma kamshaf mai zafi da ke ba da inci 9 yana son 4.5, in ba haka ba zai riƙa buɗewa a ƙaramin gudu, fulogi su yi baƙi ƙirin. Jet kuma lamba biyu-biyu ake canzawa, ana neman iska da mai su tsaya a kashi 12.5 zuwa 13 na iska ga kashi ɗaya na mai a cikakken totur. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta zafin ranar kusa da saurin fita, don iskar rana tsaka ta fi ta asuba sirantaka, ita kaɗai tana iya cinye mil ɗaya a awa.