Asabar: kwashe faifan Don Williams zuwa kwamfuta

Aikin yau shi ne kwashe waƙoƙin Don Williams, mawaƙin kantiri na Amurka, daga faifan garmaho uku da kaset biyar zuwa kwamfuta. Da hantsi na fara jera su bisa shekara da kamfani, domin in ba haka ba mutum sai ya kwashi waƙa guda sau uku bai sani ba, saboda kaset ɗin kasuwarmu yawanci haɗe-haɗe ne.

Jerin ba shi da wuya. Don Williams ya fara ne a ƙungiyar Pozo-Seco Singers a shekarun 1960, ƙarƙashin kamfanin faifai na Columbia. Faifansa na farko shi kaɗai, Volume One, ya fito a 1973 daga JMI, ƙaramin kamfanin Jack Clement da ke Nashville, Allen Reynolds kuma shi ne furodusa. A 1974 ya koma ABC/Dot, a shekarar ce ya fara hawa lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri. MCA ya saye kamfanin faifai na ABC a 1979, shi ya sa za ka ga faifai iri ɗaya da tambari biyu. Sai Capitol, sai RCA, har zuwa Sugar Hill inda ya fitar da na 2012 da na 2014. Ya rasu a 2017, yana da waƙoƙi 17 da suka kai lamba ɗaya.

Kamfani ya yi ta canzawa, amma sautin kusan yana nan yadda yake, don mutanen da ke bayansa sun daɗe tare da shi. Kenny Malone ne ya riƙa buga ganga a hankali, sau da yawa da burushi ko da tafin hannu. Lloyd Green kuma ya riƙa jan jitar nan ta ƙarfe mai dogon amo. Garth Fundis ya fara da aikin ɗaukar sauti, daga baya ya zama abokin furodusa, har zuwa faifan ƙarshe. Kayan kiɗa kaɗan ne, murya a gaba, ga sarari tsakaninsu. A nan wahalar take: waƙar da babu hayaniya a cikinta ba ta rufa wa na'ura asiri. Ƙaramin "shiii" na kaset ma sai ka ji shi raɗau.

Faifan garmaho bai ba da matsala sosai ba. Gudu 33 da sulusi, nauyin allura giram biyu kamar yadda masu ita suka rubuta. Da na haɗa sai ga wani gurnani a ƙasa, ashe wayar as, wadda ke kashe gurnanin wuta, ita ce ban ɗaura ba. Wannan gurnanin 50 Hz ne na wutar gida, kuma yana kusa da inda bes, wato kaurin sautin kiɗa, yake. In ka bari sai daga baya ka tace shi, za ka kwashe har da nauyin kiɗan, ga shi muryar mutumin mai kauri ce da ke jingine da bes ɗin. Gara a ɗaura wayar a sake ɗauka. Na ɗauka a manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, 44.1 kHz, ƙololuwar ƙara kusa da -6 dB.

Kaset ne ya cinye la'asar. Na goge kan rakoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zare, da tayar robar da ke jan zare da auduga da sifirit, na bari ya bushe minti biyar. Duk da haka jitar Lloyd Green tana rawa kamar mai jin sanyi. Bel ɗin cikin rakoda ne ya saki. Kaset na tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, in bel ya tsufa gudun sai ya riƙa hawa da sauka, kuma dogon amo ne ke fara tona shi. Kwamfuta ba ta gyara wannan da kyau, sai sabon bel.

Bayan nan wata ta ɓullo. Waƙar da ke minti uku cif a faifai, a kaset ɗaya tana ƙarewa a 2:54. Wato injin da aka buga kaset ɗin da shi ya sa ta ƙara gudu da kusan kashi uku cikin ɗari, muryar ta ɗan tashi, ta rasa natsuwar da aka san ta da ita. Wannan kam yana gyaruwa: a rage gudu da amo tare, ba gudu kaɗai ba.

Kaset biyu sun fito a dushe. Na farko maɓallin Dolby, mai rage "shiii" ɗin kaset, ne a kunne alhali ba da shi aka ɗauka ba. Na biyun sai da na juya ɗan notin da ke gefen kan rakoda, rubu'in zagaye, ina sauraron burushin Malone har ya fito sarai. A wurina burushin nan ya fi kowace mita amfani wajen saiti.

Kafin magariba an gama faifai uku da kaset huɗu. Na biyar zarensa ya tsinke daga gindi, ƙwanson kuma na manni ne, babu noti. Gobe sai a fasa shi a mayar da zaren cikin wani ƙwanson.