Sana'ar zanen labari da yarinyar da muke mayarwa zamanin Rumfa

Mutane da yawa in suka shigo shagonmu suna ɗauka aikinmu buga bannar talla ne kawai da katin biki da tambarin kamfani, kuma gaskiya su ne ke biyan kuɗin haya da albashin yara biyun da nake aiki da su, amma abin da ya sa na buɗe wurin tun farko zanen labari ne, irin wanda ake yanka shafi gida huɗu ko shida, hoto da magana a cikin kumfa, mutum ya bi daga gida zuwa gida har labari ya ƙare.

Son abin ya samo asali ne daga wani yayana da ke zuwa Maradi kasuwanci, shi ya kawo min tsofaffin littattafan zane na Faransanci, ban iya karantawa ba amma hotunan sun kama ni. A ciki akwai Valérian da Laureline, wanda Pierre Christin ya rubuta, Jean-Claude Mézières ya zana, ya fara fitowa a mujallar Pilote a 1967, jami'ai biyu ne masu ratsa zamani da sararin samaniya, ita Laureline ma daga Faransa ta ƙarni na 11 aka ɗauko ta. Daga baya na samu wanda ya fassara min. Tun lokacin nake cewa a raina to mu ina namu, mu da muke da ganuwa da Dala da Kurmi.

Labarin da muke yi yanzu na wata yarinya ce 'yar makarantar sakandare mai son zane, ta samu wata na'ura a ɗakin kakanta mai gyaran rediyo, in ta zana wuri daidai yadda yake a da sai na'urar ta kai ta can. In ta kuskure a zanen ba ta tafiya. Ni na ƙirƙiri wannan dokar, kuma ita ce ta zama dokar shagon gaba ɗaya, don mu ma ba mu da damar zana abin da muka ga dama.

Zana na'urar ba wuya, wayoyi da fitilu da ɗan hayaƙi, awa biyu an gama. Wahalar tana wajen zamanin da. Kashi na uku ta sauka Kano a lokacin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yaron da ke min zanen bango ya cika kasuwa da masara da tumatir da barkono tsibi-tsibi, ya yi kyau sosai wallahi, amma duk sai da muka goge saboda waɗannan daga nahiyar Amurka suka zo, ba su iso nan ba a lokacin. Muka mayar da gero da dawa da goro da gishiri. Siffar gari kuma mun dogara da zanen da ke littafin Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya zo Kano a 1851, duk da tsakaninsa da Rumfa shekara ɗari uku da wani abu ne, sai kuma ziyara Gidan Makama mu kalli azara da kaurin bango da yadda haske ke shiga zaure.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne shafin marina. Na zana marini yana ɗago zane daga rijiyar baba shuɗi shar, na buga a takarda na kai Ƙofar Mata na nuna wa wani dattijo da ke rini a wurin. Ya duba ya ce ɗana, ai ba haka yake fitowa ba, zauna ka gani. Ya tsoma wani farin yadi ya juya ya ɗago, sai ga shi kore-kore, ina kallo iska na bugunsa yana rikiɗa yana komawa shuɗi a hannunsa, hannun da shi kansa ya rine har wuyan hannu. Na ce Baba Allah ya saka da alheri. Na koma shago na rushe shafin, gida ɗaya ya zama gida uku, kore, tsaka-tsaki, shuɗi, babu magana ko ɗaya a ciki, yarinyar tana tsaye baki buɗe. Shi ne shafin da aka fi yaɗawa a Facebook cikin duk abin da muka taɓa sakawa.

Sai kuma matsalar bugu. Shuɗin da kake gani a fuskar kwamfuta haske ne, na takarda kuma tawada ce kala huɗu ake haɗawa, to wata maɗaba'a da muka kai wa aiki ba su yi mana gwaji ba suka buga duka, shuɗinmu ya fito shunayya kamar ruwan zoɓo da aka tsinka, kuɗin takarda ya tafi, na kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba. Yanzu ko aikin gaggawa ne sai na ga shafin gwaji da idona da rana a waje kafin injin ya tashi.

Akwai iyakokin da muka sa wa kanmu kuma ba mu tsallakewa, yarinyar ba ta zuwa zamanin annabawa ko sahabbai, ba ma zana fuskar manyan malamai, kuma ba ta canja abin da ya riga ya faru, kallo take yi ta zana ta dawo. Iyaye kan tambaye ni wannan kafin su saya wa yaransu, ina jin daɗin tambayar.

Kashi na gaba Zariya za ta je ta ga Babban Gwani yana ginin masallacin Juma'a a ƙarni na 19, sati uku ke nan muna fama da yadda bakan ginin ke haɗuwa a sama, ranar Asabar zan shiga mota in je in gani da idona.