Mako na shida cikin ranar Sakkwato: farar riga ko fuskar mai ita?

'Yan uwa masu koyo, yau mako shida ke nan ina fita da kyamara tsakar rana da gangan, abin da kowa ya hana ni. Hujjata ita ce, a Sakkwato in ka ce sai rana ta yi sanyi za ka ɗauki hoto, rabin harkar gari ta wuce ka. Cin kasuwa, fitowa daga masallacin Juma'a, sauke kaya daga mota, duk cikin rana ake yin su. Ga shi muna cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kuma a ƙarshen watan nan rana kan tsaya daidai bisa kanmu, sha biyu da rabi da 'yan mintuna. Inuwar mutum ta shige ƙarƙashin takalminsa, kwarmin idonsa ya yi baƙi ƙirin.

Makonnin farko ba abin faɗi. Na bar kyamara tana awon haske da kanta, ita kuwa tsaka-tsaki kawai ta sani, komai ta gani so take ta mayar da shi ruwan toka. Sai farar babbar riga ta ƙone fat, ko zaren aiki ba ka gani, wanda ke cikin rumfa kuma ba fuska. Ba tsuntsu ba tarko.

A Babbar Kasuwa na gane inda matsalar take, wurin wani dattijo mai albasa. Ya tara albasarsa a rana, shi yana zaune can cikin rumfar zana. Na auna tulin albasar kaɗai: ISO (saurin jin haske na kyamara) 100, ƙofar haske f/16, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/100 na daƙiƙa, daidai da tsohuwar ƙa'idar nan ta rana tsaka. Ban taɓa komai ba na auna fuskarsa, sai kyamara ta nemi shota 1/3. Mataki biyar ke nan tsakaninsu, kuma kowane mataki ninki biyu ne, wato hasken da ke kan albasar ya ninka na fuskarsa sau 32. Idona bai taɓa gaya mini haka ba, don shi yana gyara kansa duk inda ya juya. Kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa duka hoton.

Ina tsaye ina wannan lissafi, gumi na zuba, sai dattijon ya ce, "Ɗana, mi kaka nema cikin rana haka? Shigo inuwa mana."

Na ce, "Baba, hotonka nake so, in ka yarda, amma inuwar ta ɓoye ka."

Ya yi dariya, ya jawo tabarmarsa zuwa bakin rumfa, inda rana ba ta taɓa shi amma hasken da ke tashi daga ƙasa yana kai masa. Na roƙi yaronsa ya riƙe mini wani farin buhu a rana, ya karkata shi wajen fuskar Baba. Nan take tazarar ta sauko zuwa kamar mataki biyu, har furfurar gemunsa ta fito ɗaya-ɗaya. Buhun da ba a saye ya fi mini filasha amfani.

Filashar kan kyamara na gwada ta, kuma ga abin da ya sa ta ba ni kunya. A tawa, shota ba ta wuce 1/200 in filasha na aiki, don haka cikin rana dole ƙofar haske ta tsaya wajen f/11. Lambar ƙarfin 'yar filashar 12 ce. Raba da 11 ka sami nisan da haskenta ke kaiwa, mita ɗaya da ɗan kai ke nan. Ko cike inuwa kawai kake so, da ka wuce mita biyu ta zama ado.

Yanzu fari nake karewa. A JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta gyara ta matse, matakan haske daga baƙi zuwa fari 256 ne, wurin da ya kai ƙarshe ya ƙone ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Inuwa ita ce ke da sauran rai, musamman a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ko da yake in ka ja ta da yawa sai ta yi tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa gero. Don haka nakan rage haske da mataki ɗaya, in duba jadawalin haske da kyamara ke nunawa kada ya manne a gefen dama, gefen fari. Kada ku yarda da allon kyamara a rana, ƙarya yake yi.

Masu waya, HDR, tsarin daidaita haske da inuwa, na taimakawa, amma hotuna da yawa take haɗawa, mai kabu-kabu na giftawa sai ya fito da kai biyu. Ƙarƙashin dogon yaro kuma ku guje shi, fuska dabbare-dabbare take fitowa.

Hoton da na fi so a makon nan ban gyara inuwarsa ba ko kaɗan. A wani lungu kusa da Hubbaren Shehu, katanga ta yanka rana gida biyu, na auna gefen haske, na jingina ina jira. Wani almajiri ya fito daga zaure da allo a hammata, ya taka cikin hasken, bayansa duhu wuluk, babu komai sai shi da inuwarsa. Da mako biyu da suka wuce ne, da na zauna ina jan duhun nan sai na tono kwandon shara da ke bayansa.

Ranar Asabar Kwalƙwalawa na nufa, bakin Gulbin Rima, in ga yadda zan yi da ƙyallin ruwa da masunta cikin kwalekwale. Zan tafi da farin buhuna.