Ranar da Baba ya faɗi a wurin aiki, ruwa muka yayyafa masa

Yau wata huɗu kenan da rasuwar Baban da muke aiki tare a wurin buga takardu a nan Sabon Garin Zariya, amma har yanzu in na gifta ta wajen injin yankan takarda sai gabana ya faɗi. Ba mahaifina ba ne, kowa dai Baba yake ce masa don ya girme mu duka. Ranar wata Talata ce, mun dawo daga sallar azahar yana ta mitar an ɗauke wuta ga aikin kalanda ya taru, ya sunkuya zai ɗauki bandir ɗin takarda, kawai sai muka ji tim, ya kife a ƙasa.

Abin da muka yi wallahi shi kusan kowa zai yi a garin nan. Wani ya fasa fiya wata ya sheƙa masa a fuska da ƙirji, wani ya ɗauko kwali yana fifita, ni kuma na tallabo kansa ina "Baba, Baba, kana ji na?" ina ta salati, mai abincin bakin ƙofa tana cewa a kawo albasa a shaƙa masa. Yana wani irin jan numfashi kamar minshari, in ya ja sau ɗaya sai can ya sake, mu kuma muka ce alhamdulillahi da ransa, suma ce kawai. Na ɓalle akwatin taimakon gaggawa da ke rataye a bango, farasitamol rabin kati na tarar da auduga da filasta da kwalbar aidin da ta bushe. Kafin a samo mota a cicciɓe shi a ratsa cunkoson Kwangila an daɗe sosai, muna isa asibiti likita ya duba ya ce sai haƙuri.

Ƙanwata nas ce, da na ba ta labari da daddare shiru ta yi, can ta ce "Yaya, wannan minsharin ba numfashi ba ne, alamar zuciya ta tsaya ce." Ita ta fahimtar da ni cewa abu biyu muke haɗawa mu kira ciwon zuciya. Akwai toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, shi mutum yana farke, ƙirjinsa na ciwo kamar an ɗora masa dutse, gumi na karyo masa, wani har hannun hagu ko muƙamuƙi, wannan zaunar da shi ake yi a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna in dai jikinsa ba ya ƙin ta kuma ba shi da olsa mai zubar jini, a garzaya asibiti. Sai kuma tsayawar zuciya, inda lantarkin da ke sa ta bugawa yake rikicewa ta koma karkarwa kawai ba ta tura jini, mutum ya faɗi ba ya amsawa ba ya numfashin kirki. A nan ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Toh ka lissafa daga Sabon Gari ko Tudun Wada zuwa asibitin koyarwa na Shika minti nawa ne, balle daga cikin birni.

Abin da ya kamata mu yi ba ya buƙatar ko sisi. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya kira 112 ko ya nemo mota, ɗaya ya durƙusa ya ɗora tushen tafinsa a tsakiyar ƙirji, ɗayan hannun a kai, ya miƙe gwiwar hannu ya rinƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, in ya gaji wani ya karɓa. Wanda ya koya yana hura iska sau 2 bayan danna 30, wanda bai koya ba ya ci gaba da dannar kawai. Haƙarƙari na iya karyewa, ta ce kar wannan ya tsayar da kai.

Sai dai danna ƙirji riƙe mutum yake yi, abin da ke dawo da bugun shi ne na'urar farfaɗo da zuciya da ake kira AED. Na riƙe ta da hannuna a wajen horon da muka je daga baya, ba ta fi ƙaramar jakar makaranta ba. Kana kunna ta take fara magana tana gaya maka abin yi, ga hoto a jikin faifan mannawa guda biyu, ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata. Ita da kanta take karanta bugun, in irin wanda shokin lantarki zai gyara ne ta ce kowa ya matsa a danna maɓalli, in ba shi ba ne ba za ta saki wuta ba ko ka danna. Bayan shokin ka koma dannar ƙirji nan take, duk minti 2 za ta sake dubawa. Da mai koyarwar ya ce dole ƙirjin ya zama a bushe kafin a manna, sai na tuna ruwan da muka sheƙa wa Baba, na kasa ɗago kai.

Masu kallon ƙwallo sun san wannan ko ba su lura ba. Christian Eriksen ya faɗi a fili ranar 12 ga Yunin 2021 a wasan Denmark da Finland, aka danna ƙirjinsa aka sa masa na'urar a nan kan ciyawa, ya tashi har ya dawo buga ƙwallo. Mu kuma manyanmu har yau suna tuna Samuel Okwaraji da ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agustan 1989 muna wasa da Angola, bai tashi ba.

Na san za a ce ajali ne, ni ma na yarda, kwanan Baba ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Amma ai muna ajiye tukunyar kashe gobara a shago kuma ba wanda ya taɓa cewa rashin tawakkali ne. Abin da ya fi damuna ma tsoro ne, mutane na gudun taɓa wanda ya faɗi kar a ce su suka ƙarasa shi, in kuma mace ce sai maza su ja baya saboda kunya, alhali larura ce, ana iya kare ta da zani ko mayafi a sa 'yar'uwarta mace ta manna. Shi ya sa duk inda mata ke aiki dan Allah a tura su horon su ma.

Na'urar tana da tsada gaskiya, ƙaramin wuri irin namu ba zai iya shi kaɗai ba, ga batir da faifan mannawa suna da ranar lalacewa sai an rinƙa dubawa ana sauyawa. Don haka na bi shagunan layinmu ɗaya bayan ɗaya na ce mu yi karo-karo mu sayi guda ɗaya a rataye inda kowa zai kai hannu, ba a ofishin oga a kulle ba. Wasu sun ba da, wasu sun ce sai ƙarshen wata, har yanzu ba mu haɗa rabi ba.

Akwatin bangon dai na sake cika shi, safar hannu, almakashin yanka riga, reza ta aske gashin ƙirji, ƙaramin tawul, asfirin. Duk Asabar kafin mu tashi muna shimfiɗa tsohuwar katifa kusa da injin yankan, yaran shago su durƙusa ɗaya bayan ɗaya suna dannawa suna ƙirgawa da ƙarfi har talatin, ni ina riƙe da waya ina duba musu lokaci.