Alhamis, ranar sassauta kulle

7 ga Mayu 2020, azumi na 14

Yau ranar fita ce. Tun da Gwamna Ganduje ya sassauta dokar kullen korona a Kano a ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, duk hidimar makarantarmu ta koma cikin waɗannan 'yan awanni. Jama'a na rububin zuwa Yankaba da 'Yan Lemo sayen kayan miya da na buɗa-baki, ni kuwa makaranta na nufa, don shugabarmu ta aiko tun daren jiya cewa malaman aji na SS3 su leƙo, kowa da takunkuminsa.

Tun 23 ga Maris makarantar take a rufe. Ganyen darbejiya ya lulluɓe filin taro, ba kowa sai Baba maigadi da bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Bai bar ko shugaba ta wuce ba sai da ta wanke.

'Yan ajina su suka fi ba ni tausayi. Sun rubuta JAMB a watan Maris, suna shirin shiga WAEC a Afrilu, sai aka ɗage ta babu rana. Da farko mun buɗe musu zaure a WhatsApp, muna tura darasi da murya. Abin ya yi kyau a baki kawai. Yawancinsu wayar ta uba ce ko ta yaya, babu data, ga rashin wuta balle caji. Darussan rediyo sun ɗan fi isa gidaje, sai dai yarinyar da ke kan turmi tana dakan gero na kunun buɗa-baki ba za ta tsaya sauraron lissafi ba. Shi ya sa muka koma takarda. Muna buga tsofaffin tambayoyin WAEC na Turanci da Lissafi da Bayoloji, wani daga gida ya zo ya karɓa ranar Alhamis, ya dawo da amsa ranar Litinin. Waɗanda aka dawo da su sai sun kwana biyu a kwali kafin mu taɓa. Ko hakan na hana korona ko ba ya hanawa, hankalinmu dai ya fi kwanciya.

Akwai kuma ɗan abin da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta iyaye da malamai suka harhaɗa: shinkafa, gero, sukari, sabulu. Ba yawa. Amma iyayen yaranmu galibi masu fita kullum ne su samo, 'yan dako a Kantin Kwari da Singa, masu adaidaita sahu, mata masu sayar da ƙosai, kuma duk an zaunar da su a gida cikin azumi. Shugaba ta hana a yi layi, ta hana ɗaukar hoto. Ƙullin abinci yana shiga leda ɗaya da takardun tambayoyi, wanda ya zo ya ɗauka kamar kowa ya tafi. A nan na jinjina mata. Na ga yadda ake rabon tallafi a wasu wurare, ana turereniya ana ɗaukar bidiyo, magidanci ya koma gida da kwano ɗaya na shinkafa ya bar mutuncinsa a can.

Bayan azahar na zauna da rajistar aji ina bin lambobin iyaye ɗaya bayan ɗaya, da katin da makaranta ta saya mana. Wannan aikin ne ya fi cin rai, kuma a ganina shi ya fi duk sauran amfani. Gida biyu na tarar ana zaman makoki. Tun ƙarshen Afrilu ake ta rasa dattawa a garin nan, har mutum yana fargabar tambayar "ya mutan gida?" Wata uwa ta riƙe ni a waya tana kuka, ba ta nemi komai ba, so take kawai a saurare ta.

Sai na zo kan lambar wata yarinya da takardunta ba su dawo ba tun makon jiya, alhali tana cikin na gaba-gaba a ajin. Mahaifinta ya ɗauka. Muka gaisa, na yi masa sannu da ibada, na tambaye shi ɗalibata.

Ya ce, "Malama, tana nan lafiya. Amma gaskiya karatun nan mun ga kamar ya zo ƙarshe. Akwai yaron da ya fito, iyayensa sun matsa, muna tunanin bayan sallah a ɗaura."

Na ce, "Baba, Allah ya sanya alheri. Ni dai alfarma nake roƙo. Shekara shida tana wannan wahala, kuɗin jarrabawa an riga an biya, ɗage ta aka yi, ba soke ta ba. A bari ta rubuta."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yaushe za a yi?"

Ba ni da amsa, kuma ban yi masa ƙarya ba. Na fahimce shi sarai: ga budurwa zaune a gida, ga babu, ga makaranta ba ranar komawa. Abin da na samu kawai shi ne ya yarda ƙaninta ya zo ya karɓi takardun wannan makon. Yaron ya iso ana saura kaɗan 4 ta cika, a guje, ba takunkumi. Baba maigadi ya ba shi ɗaya daga cikin waɗanda malamar koyar da ɗinki ta ɗinka mana.

Na iso gida jami'an tsaro sun fara mayar da shinge a titi. Ƙafafuna sun kumbura, kunu ma 'yata ce ta dama. Bayan asham na kira shugaba na zayyana mata komai. Ta ce ranar Litinin za ta kira mahaifin yarinyar da kanta, in ta kama ta haɗa da limamin unguwarsu, don ta san shi. Ta kuma ce in sake duba rajistar, in ware mata sunan duk yarinyar da takardunta suka daina dawowa.