Daga Jidda: Cika Shekara 18 Ba Ya Wanke Hukuncin Yaro

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, iyaye da yayye da ke da yara a nan Saudiyya.

Akwai wata magana da take yawo tsakaninmu a Jidda da Makka, har ta iso gida ta waya: wai yaron da kotu ta hukunta, da zarar ya cika shekara 18 shi ke nan, an yafe. Wallahi ba haka ba ne, kuma wannan zato yana cutar da yaranmu.

Dokar yara masu laifi ta ƙasar nan, wadda ta fito a 2018, ta ɗauki wanda ya cika 7 bai kai 18 ba a matsayin yaro. Ba gidan yari ake kai shi ba. Namiji yana zama a gidan tarbiyya da ake kira Darul Mulahaza, mata kuma da nasu gidan daban. Wanda ya cika 15 ba a ba shi fiye da rabin iyakar hukuncin babba, ban da haddi da ƙisasi, su kam shari'arsu daban. Amma idan ya cika 18 wa'adinsa bai ƙare ba, gidan yarin manya za a mayar da shi ya ƙarasa, sai fa in alƙali ya ga dacewar a bar shi.

A nan nake so ku tsaya. Doka ta ba wanda abin ya shafa damar ya roƙi kotu kada a mayar da yaron. Uba ne, ko kawu, ko lauya, wani dai sai ya tashi ya rubuta tun da wuri. Mu kuwa sai mu yi shiru saboda kunya ko tsoron maganar iƙama, wato takardar izinin zama, har ranar ta zo.

Kuma ranar tana zuwa kafin lissafinku, domin da shekarar Hijira ake ƙirgawa. Kuna can kuna cewa saura wata shida, nan kuwa ya riga ya cika. In babu takardar haihuwa, kotu na iya tura shi wurin likita ya ƙiyasta shekarunsa, ƙiyasi kuwa ba lallai ya zo yadda kuke so ba. Don Allah duk wata takarda da ke ajiye a akwati a Kano ko Damagaram, a turo ta.

Yaron da ya yi kwatan wa'adinsa ana iya sakinsa bisa sharaɗi. Ku ja masa kunne: in ya karya sharaɗin, komawa zai yi ya cike ragowar. Abu guda mai sanyaya zuciya shi ne ba a rubuta masa hukuncin yarinta a matsayin tsohon laifi, ko da yake baƙo marar iƙama yana iya ƙarewa a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, a sa shi a jirgi zuwa gida. In hakan ta faru, ku je filin jirgi ku tarbe shi da kanku.

Allah Ya shirya mana zuri'a. A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku a Jidda